Iya ta ce baki ne ya kama ɗana saboda saƙon Kirsimeti

Gwaggo, ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni matar aure ce a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Sumaila, 'ya'yana uku. Maigidana yana aiki a Fatakwal, sai da Kirsimeti da lokacin shuka yake zuwa gida. 'Yan'uwana sun warwatsu, wani a Jos, wata a Zariya, wasu a Abuja. Shekara 4 ke nan, duk Kirsimeti nakan ɗauki murya a waya in ba su labarin yara: wa ya yi haƙori, wa ya fara tafiya, wa ya shiga makaranta. Bara na faɗi yadda ɗana na biyu, Iliya, ya fara magana, har na sa shi ya ce "Baba" da "ruwa" a cikin saƙon, ya kwaikwayi kukan akuya. Lokacin yana da shekara 1 da wata 8. A watan Afrilu ya yi zazzaɓi mai zafi har da jijjiga, muka kai shi kemis aka yi masa allurai kwana 5, ya tashi. Amma tun daga nan maganar ta ɗauke. In na kira shi, sai ya ga dama yake juyowa. Iya, mahaifiyar maigidana, ta ce ni na jawo, baki ne ya kama shi, don an yi ta tura saƙon har ga waɗanda ban sani ba. Ta ce kuma rashin kunya ne uwa ta zauna tana lissafa 'ya'yanta, har da kama sunan 'yar fari. Ga Kirsimeti ya ƙarato, 'yan'uwa sun fara tambaya. In aika? In na aika, me zan ce a kan Iliya, ko in tsallake shi? Ga goyon 'yar wata 7 a bayana, ga rashin barci.

Maman Iliya

'Yata, sannu da wannan nauyi. Kafin komai, ɗauko wayarki ki duba ko saƙon bara yana nan. In ya ɓace a taki, ki sa 'yar'uwarki ta Zariya ta turo miki. A kwafe shi a memori, ki ajiye a ƙasan akwati tare da katin rigakafin yaron. Saƙon nan da ake ɗora wa laifi, babu abin da ya fi shi amfani a hannunki yau.

Na yi shekaru ina aikin lafiya a ƙauyuka kafin in ajiye, kuma tambayar da ta fi ba mu wahala ita ce "yaushe abin ya fara?" Uwa za ta ce "ya ɗan jima", ko "tun wajen sharar gona", wata ta ce "ni dai haka na gan shi". Ba sakaci ba ne. Wadda ke tsakanin daka da ɗiban ruwa da goyo, kwanaki haɗe mata suke yi. Ke kuwa kina da muryar ɗanki a watan Disamba, yana wata 20, yana kiran babansa, yana neman ruwa, yana kwaikwayon akuya. Yaro ba ya kwaikwayon abin da kunnensa bai ji ba. Ke nan a lokacin yana ji, harshensa kuma yana kan hanya. Sai Afrilu, sai zazzaɓi da jijjiga da allurai, sai shiru. Likitan da aka kawo wa labari a jere haka ba zai yi lalube cikin duhu ba.

Na san za a ce miki nauyin baki ne, babansa ma sai da ya girma ya yi magana. Nauyin baki gaskiya ne, yara ba ɗaya suke ba. Yawancinsu wajen shekara 1 suke fara kiran Baba da Inna, a shekara 2 su haɗa kalma biyu, irin "ba ni" ko "Baba tafi", a shekara 3 kuma su ishe ki da surutu, wani ya riga, wani ya ɗan makara. Amma wanda ya makara daban, wanda ya samu maganar sannan ta kuɓuce masa daban. Na biyun ba a zaman jiransa. Iliya yanzu yana shekara 2 da wata 8, wata 8 ke nan yana shiru, kuma waɗannan shekarun na farko su ne lokacin da yaro ke kwasar harshe kamar busasshiyar ƙasa da ruwan farko.

Daga nan inda nake ba zan iya ce miki ga abin da ya same shi ba, wannan aikin wanda ya duba shi ne. Abin da ya fara zuwa raina dai shi ne kunnensa. Zazzaɓi mai zafi da jijjiga a tsakiyar bazara, a ƙasarmu ta Kano da Jigawa, dole a tuna da sanƙarau. Ina bakin aiki a 1996, shekarar da cutar ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma na ga yaran da suka tashi daga tabarmar jinya da ƙafarsu, ana murna, sai bayan makonni a gane ba sa jin kira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 1 cikin 5 na waɗanda suka tsira daga sanƙarau mai tsanani, cutar takan bar musu wani tabo, kuma rashin ji yana cikin na gaba-gaba. Ƙyanda da hangum ma suna taɓa ji. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana iya taɓa magana. Akwai allurai, irin su gentamicin, da kan lalata ji in an zarce ƙima ko an yi wa ƙaramin yaro ba bisa nauyinsa ba. Akwai kuma mai sauƙi: ruwa ya taru a bayan dodon kunne bayan mura, yaro ya riƙa jin magana kamar daga cikin rijiya, kuma wannan ana maganinsa. Wani lokaci kunnen lafiya lau, matsalar tana wani wuri, shi ma gwajin ne zai nuna.

Kalmar nan taki ta tsaya mini a rai, "sai ya ga dama yake juyowa". 'Yata, mai yiwuwa ba ganin dama ba ne. Yaron da jinsa ya ragu, idonsa ne ke zama kunnensa. Ya ga inuwarki a ƙasa, ya ji takun ƙafarki a jikinsa, ya ga yayarsa ta ɗaga kai, sai ya juyo. Ran da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai a ce taurin kai ne, wani ma ya kai masa ranƙwashi. Ki gaya wa duk mutanen gidan yau ɗin nan: kada wanda ya sake dukan Iliya don bai amsa kira ba. A kuma sa ido a kansa a bakin hanya, domin babur ko garken shanu in sun taho ta bayansa ba lallai ya ji ba. Kina iya gwada shi a gida, ki tsaya bayansa inda ba ya ganinki, ba tare da buga ƙafa ba, ki kira sunansa a hankali, sannan da ƙarfi, ki kaɗa cokali a kwano ta dama, ki sake ta hagu. Amma ko ya juyo kada ki ce shi ke nan. Yaro na iya jin ƙarar kwano ya kasa rarrabe kalmomi.

Ga yadda nake so ku yi. Ku fara da babban asibitin da ya fi kusa da ku, a leƙa kunnen, a ba ku takardar turawa zuwa Kano. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a Kaduna kuma akwai cibiya ta ƙasa da aikinta ke nan, kula da kunne. Ki ce musu gwajin ji kike so a yi wa yaro. Ba ya da zafi: wani ɗan abu ake sa wa a bakin kunne na 'yan mintoci, wani gwajin kuma yaro na barci ake manna masa wayoyi a goshi da bayan kunne, na'ura ta nuna ko sauti yana isa. Ki tafi da katinsa, da saƙon bara a waya, da duk wata kwalba ko kwalin allurar Afrilu in akwai saura. In babu, maigida ya koma kemis ɗin cikin lalama, ba da faɗa ba, ya tambayi sunan abin da aka yi masa. Ki faɗa wa likita komai, har jiƙon da aka ba shi a gida, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin ku je, kada a ɗiga masa komai a kunne, ko mai, ko ruwan ganye, kada a sa tsinke ko gashin kaza.

Lokacin ma ya yi daidai. Amfanin gona yana rumbu, maigida zai zo gida. Kada ki tare shi da maganar a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa. Bari ya ci, ya huta, ya ɗauki ɗansa, ya kira shi da kansa. Da dare ki kunna masa saƙon bara. Sannan ku yanke rana a farkon Janairu, kafin ya koma Fatakwal, domin in ya tafi, tafiyar nan za ta zama "sai ya dawo shuka", wata 5 ko 6 sun sake wucewa. In kuɗin bai kai ba, ɗinkin Kirsimetin bana ya ragu, ko a fitar da buhu guda, ko ki roƙi uwar adashe ta ba ki ɗauka da wuri. Ki kuma faɗa wa shugabar Zumuntar Mata ta cocinku. Matan nan da ke haɗa kuɗin anko cikin mako biyu ba za su kasa haɗa kuɗin mota zuwa Kano ba.

In gwajin ya zo da labari mai nauyi, ki yi kukanki, ba laifi. Amma ki san akwai na'urar ƙara ji da ke taimakon yara da yawa, akwai makarantar Tudun Maliki a Kano da ke koyar da yara kurame da makafi, akwai kuma maganar hannu, wadda kuramen ƙasar Hausa suke hira da ciniki da wasa da dariya da ita tun kafin a haife mu. Ba sai kin jira sakamako ba. Daga yau in za ki yi masa magana ki durƙusa ya ga fuskarki, ki nuna abin, ki faɗi sunansa, ki yi alamarsa da hannu. Alama ba ta hana magana fitowa. Abin da ke cutar yaro shi ne a bar shi ba ta baki ba ta hannu.

Yanzu Iya.

Ba zan raina tsoronta ba. Matan zamaninta sun haifi goma sun binne huɗu ko biyar, babu allurar rigakafi a kusa, babu wanda ya yi musu bayanin abin da ke ɗauke 'ya'yansu. Garkuwar da suka samu ita ce kame baki: kada a yabi yaro, kada a ƙirga 'ya'ya, in an ce ya yi ƙiba a yi maza a kawar da zancen. Da ta ce baki ne, jikanta take karewa da makamin da ta gada. Sai dai ni ban yarda saƙonki ne ya kwantar da Iliya ba, kuma ba na so ki ƙara kwana da wannan a ƙirjinki. Ƙwayar cuta ce ke kawo irin wannan zazzaɓi, tana bin numfashi da ƙurar rani da cunkoson ɗaki, ko cizon sauro. Ki duba unguwarku, yara nawa suka kwanta a bazarar nan waɗanda ba a taɓa ɗaukar muryarsu a waya ba? Kin kuma san labarin mutumin da aka haifa makaho a Yohanna sura 9, da almajirai suka tambaya laifin wa ne, nasa ko na iyayensa, Ubangiji Yesu ya ce ba na ko ɗaya ba ne. In abin ya ci gaba da cin ranki, ki zauna da matar fasto.

Kada ki yi gardama da Iya a kan baki, ba za ki ci ba, kuma ba ki bukatar ci. Ba sai ta sauya ra'ayi ba kafin a kai yaro asibiti. Ɗanta ne zai je ɗakinta ya ce, "Iya, muna so mu kai mijin naki Kano a duba kunnensa, ki sa mana albarka." In da hali ma a tafi da ita ta riƙe jaririyar, ta ji bayanin likita da kunnenta. Tsohuwar da aka nemi albarkarta ba ta tare ƙofa.

Akwai kuma inda take da gaskiya, wuri biyu. Na farko, yawon da saƙon ya yi. Abin da kika faɗa wa 'yan ɗakinku ya je kunnen waɗanda ba su san ko sunan ƙauyenku ba. Ba don baki ba, don mutuncin yaran: muryarsu da hotonsu ba kayan rabo ba ne, kuma abin da ya shiga waya ba ya dawowa. Bana ki tura wa mutum-mutum, waɗanda za ki iya ƙirgawa da yatsun hannu, ki ce musu kada ya wuce nan. Zauren dangi na waya mai mutum 80 gaisuwar Kirsimeti ta ishe shi. Cikin masu karɓa in akwai wadda ta rasa ɗa a shekarar nan, ko take neman haihuwa, ita kira za ki yi, ki tambayi lafiyarta tukuna.

Na biyu, kunya. Mu Hausawa ne kafin komai na zamani, coci ko masallaci bai cire mana alkunyar ɗan fari ba. A kunnen Iya, uwa ta kama sunan 'yar farinta tana yabonta, kamar ta fita ba ɗankwali ne. To ai al'adar da ta rufe bakin uwa ita ce ta buɗe na kaka. Kaka ce ke da lasisin yi wa jika kirari, ta kira namiji mijinta, mace kishiyarta, ta tsokane su son ranta. Ki kai mata wayar ki ce, "Iya, su Yaya na Jos suna son jin labarin kishiyarki, ni kuwa bakina ba zai iya ba." Ina kyautata zaton za ta yi ɗan ja, sannan ta karɓa, ta faɗi yadda yarinyar ta fara wanke-wanke da yadda take karanta baƙaƙe, har ki rasa yadda za ki karɓe wayar. Wata rana kuma muryar Iya a cikin saƙon nan za ta fi komai tsada a gidanku.

Don haka amsata ita ce ki aika. Wannan abin da kike yi ba baƙo ba ne. Muna yara, malamin makaranta ko mai bishara ake kira ya rubuta wa 'yan'uwa na nesa wasiƙa, "bayan gaisuwa mai yawa", a jero wanda aka haifa da wanda aka yaye da wanda ya fara bin awaki. Daga baya aka koma kaset, a ba direba ya kai. Labarin Kirsimetin kansa, in kin lura da Luka sura 2, bai tsaya a komin dabbobi ba: ya bi yaron zuwa kwana 8 da aka raɗa masa suna, zuwa ranar da aka kai shi Haikali, zuwa shekara 12, yana faɗin yadda yake girma, uwarsa kuma tana adana abubuwan a zuciyarta. Kawun da ke Abuja, wanda bai ga yaran ba shekara 2, da wannan saƙon yake zama kawu.

Iliya kuwa kada ki tsallake shi. In kika ba da labarin babba da ƙarama kika yi shiru a kansa, kowa zai ji shirun, a fara tambayar juna a bayan idonki, kuma labarin da za a ƙirƙira ya fi na gaskiya muni. Ranar da ya girma aka kunna masa saƙonnin nan, ko aka fassara masa da hannu, kada ya tarar da shekarar da aka cire shi daga lissafin gidan. Amma kada ki mai da shi ciwo kawai. Yaron nan ya yi shekara guda cur yana rayuwa, ke kika san me ya koya a cikinta. Ki fara da wannan, sannan ki faɗi sauran a gajarce, bayan kun yi shawara da babansa. Misali:

"Iliya ya yi tsawo, wandon bara ya ɗage masa. Shi ke kora kaji daga shanya, in babansa na gyaran babur yana gefe yana miƙa masa sifana. Ƙosai ne abincinsa. Tun zazzaɓin da ya yi a watan Afrilu maganarsa ta tsaya, za mu kai shi Kano a gwada jinsa a farkon Janairu. Ku sa mu a addu'a, wanda kuma ya san hanyar asibitin ko yake da inda za mu kwana, ya faɗa mana."

Ki sa naki kalmomin, ke kika san ɗanki. Kin ga a nan ba ki yi ƙarya ba, ba ki yi fariya ba, kin kuma buɗe ƙofa ga mai taimako. Dangin da suka yi shekara 4 suna dariya da labarin haƙori da rarrafe suna da hakkin a ba su dama su ɗauki wani gefen jinkar. Abin da ba a sawa a irin wannan saƙo shi ne abin da zai kunyata yaro gaba, kamar fitsarin kwance, da kuma gwada wannan da wancan, "ita ƙanwar ma ta fi shi wayo". Kada ki tilasta masa ya yi magana a waya kamar bara. In yana dariya lokacin da yayarsa ke masa cakulkuli, ɗauki wannan.

'Yar goyon kuma, wata 7 yanzu, ke nan a watan Fabrairu za ta cika wata 9, daidai lokacin allurar ƙyanda da ta sanƙarau da ta shawara, kuma daidai shigowar zafi. Ki ɗaure ranar a bakin zanenki, akwai ta ƙyanda ta biyu a wata 15. Duk yaron da ya sake yin zazzaɓi da jijjiga, ko sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, asibiti kai tsaye a daren, ba kemis ba.

In kun dawo daga Kano ki rubuto mini abin da aka ce, ko mai daɗi ko marar daɗi, mu san mataki na gaba. Ki gaishe mini da Iya da kyau, ki shafa mini kan Iliya. Barka da Kirsimeti.